Ku Yi Shiru, Baba Na Magana

Ranar da aka fara girmama Baba a gidan ɗansa, shi kansa sai da ya waiwaya ya duba ko wani babban baƙo ne ya shigo.

Yana zaune a baranda kan tsohuwar tabarmarsa, ya ɗauko labarin wani direban babbar mota da ya taɓa yi wa aski mutumin yana sharar barci, labarin da ya san bango kawai yake ba wa. Jikokinsa 'yan biyu suna ta garar murfin tukunya a tsakar gida. Sai ga ɗansa ya fito daga ɗaki da waya a hannu, ya daka musu tsawa.

"Kai! Ba ku da tarbiyya ne? Ku yi mana shiru, Baba na magana!"

Yaran suka yi cirko-cirko. Baba ma ya bi ɗansa da kallo, don tun da ya ajiye almakashi ya dawo gidan nan da zama bai taɓa jin an faɗi haka ba. Sana'ar aski ta bar masa hannu mai rawa da baki marar gajiya. Hannun ne ya kore shi daga shago, bakin kuwa ya biyo shi gida. Ya san sarai a bayan idonsa Rediyo ake ce masa. Da zarar ya ce "Wata rana ina shago," sai surukarsa, Maman 'yan biyu, ta tuna ta bar tukunya a kan wuta, ɗansa kuma ya kara waya a kunne ya amsa kiran da babu wanda ya ji shigowarsa.

Ɗan nasa Manaja ake ce masa. Kada ka tambaye ni manajan me. Ya taɓa buɗe shagon sayar da cajar waya, aka rufe tun fentin ƙofar bai bushe ba. Shago ya tafi, suna ya zauna.

Ya zo ya durƙusa gaban Baba, har da gyara masa bakin tabarma.

"Baba, ina kwana? Ka tashi lafiya? Ya ƙarfin jiki?"

"Lafiya lau. Wa ya mutu?"

"Haba Baba. Alheri ne."

Alherin a cikin waya yake. Manaja ya samo wani aiki da ake yi ta hanyar hira. Ka buɗe waya kamar za ka gaisa da aboki, sai ka tarar na'ura ce aka koya wa zance. Ita ke raba wa dubban mutane ƙananan ayyuka: faɗi kaza, maimaita kaza, ba da labarin kaza. Wani kamfani ne can wata uwa duniya yake tara muryoyi don ya koya wa injinansa jin maganar mutane. Idan aikinka ya yi, sai ta turo maka koriyar alama, a jefa maka ɗan abin da aka jefa. Idan bai yi ba, ka ga ja. Muryar matasa ta yi yawa har ta yi araha, ta tsofaffi ce ake nema ruwa a jallo. Manaja ya fara gwada tasa dabarar, ya toshe hanci yana karkaɗa murya kamar akuya mai mura. Na'urar ta gaya masa cikin ladabi cewa wannan muryar ba ta dace ba. A nan ne ya tuna ashe yana da uba.

Ya jingina wayar da butar Baba ya danna. Wata murya ta mace, mai taushi, ta fito.

"Barka da war haka. Mun ji daɗin zuwanka. Ka ba mu labarin wata rana da ba za ka manta ba a wurin sana'arka."

Baba ya gyara hula. "'Yar gidan wa ce wannan?"

"Ba mutum ba ce, Baba. Na'ura ce."

"To wallahi ta fi wasu mutanen tarbiyya."

Ya ba ta labarin direban tun daga farko. Da ya tsaya shan numfashi, sai ta ce, "Madalla! Sai kuma me ya faru?" Baba ya ƙura wa wayar ido. Rabon da wani ya yi masa wannan tambayar tun matarsa na da rai. Ya ƙarasa labarin idonsa na ƙyalli, koriyar alama ta fito, Manaja ya yi tsalle ya sumbaci wayar. Daga ranar Baba ya raɗa mata suna Mai Ladabi.

Abin ya fara da daɗi, ba zan ɓoye ba. Da safe shayi da zuma, kuma Maman 'yan biyu da kanta take kawowa, ta durƙusa har ƙasa. Idan Baba ya yi gyaran murya sai gidan ya yi tsit. 'Yan biyu suka koyi tafiya da sanɗa, aka ɗaure zakaran gidan a bayan gida, daga baya da ya ƙi jin magana aka cinye shi. Baba ya riƙa cewa a ransa, ashe yaron nan yana da hankali, jinkirin fitowa kawai ya yi.

Sai Mai Ladabi ta fara ƙorafin hayaniya. Babur ya wuce, ja. Maƙwabciya ta ƙwala wa ɗanta kira, ja. Manaja ya zagaya gidan yana nazari, ya tsaya a ƙofar ɗakin ajiya inda ake jibge tsofaffin katifu da buhunan da babu mai buɗewa. Aka jera katifun a jikin bango, aka toshe 'yar tagar da bargo, aka shimfiɗa tabarma a tsakiya. Fanka ba ta shiga, don ƙararta na ɓata aiki. Aka sa wa wurin suna ofishin Baba.

"Ka gani, Baba? Abokanka duk suna bakin titi suna korar ƙuda. Kai kaɗai ne mai ofis."

Kullum kafin a fara, Mai Ladabi takan yi tambaya biyu, ba ta taɓa mantawa. "Kana cikin ƙoshin lafiya? Da yardarka kake wannan aiki?" A ƙasa akwai Eh, akwai A'a. Manaja ke riƙe da waya, don haka babban yatsansa ne ke cikin ƙoshin lafiya, shi ne kuma mai yarda. Idan an daɗe ana yi, takan ce, "Ka yi ƙoƙari, yanzu ka huta." Sai ta rufe aikin na ɗan lokaci. Manaja ya ga wannan hutun asara ce tsagwaronta, ya buɗe wani asusun a wayar matarsa. Idan wannan ta ce a huta, sai a ɗauko waccan. Wayoyin dai suna samun hutu yadda ya kamata.

Labaran Baba suka ƙare, ko kuma aka daina neman su. Aikin ya koma maimaita gajerun maganganu. Kunna fitila. Kashe fitila. Kira mini ɗana. Ina ne tashar mota? Kowace sai ya faɗe ta a hankali, ya faɗe ta da sauri, ya faɗe ta da fushi, ya faɗe ta kamar yana kiran wanda ke tsallaken titi. Baba yakan zauna gumi na bin wuyansa yana ba da umarnin kunna fitilar da ba ya gani, tun hantsi har rana ta yi sanyi. Mai Ladabi ta daina tambayar sai me ya faru. Yanzu abin da take cewa kawai shi ne, "Madalla! Ga na gaba."

A falo kuwa sabuwar talabijin ta iso, mai faɗin ƙofa. Ba a kunna sautinta idan Baba na ofis, sai ka ga iyali sun jeru suna kallon mutane na motsa baki. Maman 'yan biyu ta canza labule, Manaja ya sayi takalmi mai tsini da wani turare da ke riga shi shiga wuri. A bakin titi yakan ce harkar fasaha yake yi da Turawa, kuma ba kowa zai gane ba.

Muryar ta fara dushewa ne kamar wasa. Da farko da yamma kawai, ta dawo da safe. Daga baya ta daina dawowa. Sai haɗiya ta zama aiki, Baba yana jin kamar ƙashin kifi ya tsaya masa a gefe guda, ya sha ruwa ya ƙi wucewa. Ya gaya wa ɗansa.

"Sanyi ne, Baba. Maman 'yan biyu, a ƙara wa Baba zuma."

Aka ƙara zuma. Aka haɗa da citta da lemon tsami, aka hana shi ruwan sanyi, wanda dama ba a cika ba shi ba.

Akwai ranar da aikin ya zo kan maganganun neman taimako. Baba ya yini yana cewa "Ina buƙatar likita," a hankali, da sauri, da fushi, da raɗa. Duk suka samu kore, Mai Ladabi har yabawa ta yi. Da aka gama, ya dafa gwiwar ɗansa.

"Kai, ina buƙatar likita."

Manaja bai ɗago daga wayar ba. "An wuce wannan, Baba. Yanzu na kasuwa za a shiga."

Auta ce ta fasa ƙwan. Ita ce ƙaramar 'yar Baba, tana aure a can ƙarshen gari, sai ta samu sarari take leƙowa. Ta shigo ta gaida shi, ya amsa, ta saki jakarta a ƙasa.

"Innalillahi! Baba, muryar wa ce wannan? Yaya, tun yaushe yake haka?"

"Ke dai kin cika ɗaga hankali. Mura ce."

"Murar da ta ramar da shi haka? Dubi wuyan rigarsa!"

Ba ta jira izinin kowa ba, ta sa shi a mota sai asibiti. Manaja ya biyo su daga baya don kada a ce. Likitar, wata mace mai ƙarancin magana, ta haska maƙogwaron, ta taɓa wuyan, ta daɗe tana taɓawa. Ta ce akwai wani ƙullutu da ba ta gamsu da shi ba. Dole a dawo da shi sati mai zuwa a ɗebi ɗan yanki a gwada, kuma idan abin da take zargi ne, yanzu ne lokacin da za a iya tare shi a ceci muryar. Kafin nan, ya rufe bakinsa ruf, ko gaisuwa da hannu zai riƙa yi.

"In sha Allahu, likita," in ji Manaja, hannu a ƙirji. "Uba guda gare ni."

Tun a mota ya fara fassara maganar likita zuwa yaren da ya fi masa sauƙi. Likitoci haka suke, in ba su tsorata ka ba ba sa jin sun yi aiki. Kuma ai cewa ta yi kada ya yi surutu, aiki daban surutu daban.

"Yaya, ka ji tsoron Allah," in ji Auta da suka iso gida. "Cewa ta yi ko gaisuwa."

"Wai dakon siminti na sa shi? Magana ce fa! Mutumin da dama can yini yake yana zuba kyauta, yanzu don an samu masu biya shi ne ya zama zalunci?"

"Mu ma ai don shi muke yi," in ji Maman 'yan biyu daga ƙofar kicin. "Zumar nan kin san tsadarta kuwa?"

"In kin fi mu son sa, ga shi nan, ki tafi da shi gidan mijinki."

Nan Auta ta yi laushi. Ɗaki ɗaya gare su a gidan surukai, ita da miji da yara, ko tabarmar Baba babu inda za a shimfiɗa. Ta yi kuka, ta ce Allah na gani. Da za ta tafi Manaja ya raka ta ƙofa ya dunƙula mata wani abu a hannu, ya ce na mota. Ta ce ba za ta karɓa ba, ta sake cewa ba za ta karɓa ba, sannan ta sa a jaka. Baba na kallonsu ta ƙofar ofis. Bai ga laifinta sosai ba, amma ya ji zafin abin har cikin ransa.

Ranar komawa asibiti ta faɗo daidai makon da Mai Ladabi ta sanar da garaɓasa ga duk wanda ya kammala aiki da yawa. Manaja ya ce asibiti ba gudu zai yi ba, garaɓasa kuwa gudu take. Mako na gaba aka ce layin asibitin ya yi tsawo. Na gabansa aka ce Baba ai ya ɗan ji sauƙi, jiya ma ya cinye burodinsa, ba a dai faɗi cewa sai da aka jiƙa shi ya zama ruwa ba. Auta takan kira, Manaja ya ce mata ana kan shiri.

Sai ja ya fara yawa. "Yi haƙuri, ba mu ji sosai ba." Baba ya tattaro duk ƙarfinsa ya ce kunna fitila, abin da ke fita sai ka ce ana jan buhu a kan siminti. Ja. Ya sake. Ja. Manaja ya fara tsaki, yana cewa Baba ba ya sa himma, ya buɗe baki sosai mana. Zuma ta ƙare ba a sake saye ba. Shayin safe ya koma hannun 'yan biyu, su dire masa a bakin ƙofa rabi ya zube. Aka kunna sautin talabijin har ƙarshe. Baba ya ce a ransa, to madalla, tunda na daina amfani wataƙila yanzu a kai ni asibiti.

Tari ya riga asibitin zuwa. Wani busasshen tari mai tuƙe shi har sai ya dafa bango, hawaye na zuba. Yana cikin yi wata safiya sai ga Manaja ya faɗo ɗakin baki har kunne.

"Baba! Allah ya kawo mafita!"

Baba ya ɗago yana jiran ya ji an ce ya sa takalmi.

"Sabon aiki ta turo. Tari suke nema! Wai za su koya wa na'ura gane cuta daga jin tarin mutum. Na tsofaffi kuma ya fi kowanne daraja. Ka ga ikon Allah? Ba sai ka ce komai ba, Baba. Hutu ya same ka."

Haka Baba ya samu hutu. Aka mayar da shi ofis, aka kara masa waya a baki. Tarinsa bai taɓa samun ja ba, ko sau ɗaya. Mai Ladabi ta ce ingancinsa ya kai matuƙa, Manaja ya karanta wa matarsa saƙon da alfahari, kamar ɗansa ne ya zo na ɗaya a makaranta. Maganin tarin da Auta ta aiko aka ɗora shi saman firji, aka ce sai an kammala wannan zagayen, kada a ɓata abu mai kyau. Manaja ya kuma gano cewa aikin taimakon al'umma ne. Duk wanda ya tambayi jikin Baba sai ya ce, "Da sauƙi. Yana nan yana taimakon masu binciken lafiya."

Matsala ɗaya ce, tari ba ya jiran a danna waya. Yakan zo lokacin da Manaja ke wanka, ko ya fita shan iska da takalminsa mai tsini. Sai aka roƙi Baba ya riƙa dannewa har a zo. Idan ya taso masa, ya buga ƙofa da sanda, a rugo da waya.

Baba bai taɓa yi wa ɗansa musu ba tun da aka fara, amma wannan karon zuciyarsa ta ƙi. Idan ya ji tarin na tasowa sai ya ɗauki buta ya lallaɓa banɗaki, ya rufe ƙofa, ya yi abinsa shi kaɗai har ya gaji. Wannan kaɗai ya rage masa da zai ce nasa ne. Bai yi kwana nawa yana yi ba Maman 'yan biyu ta ji shi tana shanya, ta kai rahoto.

Manaja ya zo ya zauna kusa da shi, fuska cike da damuwa irin ta ɗan kirki.

"Haba Baba. Me muka yi maka? Abu yana da daraja ka je kana zubar da shi a banɗaki? Wannan ai almubazzaranci ne. Kai fa ka koya mana tattali."

Baba ya dube shi. Ya tuna ranar da ya fara yi wa wannan kan aski, yaron na tsala ihu, shi kuma yana hura masa iska a ƙeya yana lallashi. Ya so ya faɗi wani abu, tari ya riga shi. Manaja ya yi wuf ya danna.

Wata rana da azahar Manaja ya fita ya manta wayar matarsa a ofis. Baba ya daɗe yana kallonta. Ya ga inda ake dannawa sau ba adadi. Ya ɗauka da hannunsa mai rawa, ya kai bakinsa, ya tattaro ɗan abin da ya rage.

"'Yata, ni ne. Ba ni da lafiya. Ki gaya masa ya kai ni asibiti. Ke yake jin maganarki."

Ya saki. 'Yan ɗigo suka yi ta rawa a fuskar wayar, alamar tana shirya amsa, Baba ya kasa kunne. Sai muryar nan mai taushi ta fito.

"Yi haƙuri, wannan bai yi kama da tari ba. Ka sake gwadawa."

Ya ajiye wayar a hankali, ya juya mata baya. Bai ji haushinta ba. Ita dai tun farko an gaya masa ba mutum ba ce.

Abin da ya kai Baba asibiti a ƙarshe maƙwabta ne. Numfashi ya sarƙe masa da la'asar, ya rarrafo daga ofis har bakin ƙofar gida ya zube, gaban rigarsa da jini. Mai shagon da ke kallon gidan ya yi kururuwa, mutane suka taru. Da Manaja ya ga idanu sun yi yawa, sai ya fi kowa rikicewa. Shi ya ɗauki Baba a kafaɗa, shi ya tare mota, yana ta faɗin a taimaka masa uba guda gare shi.

Likitar ta gane su. Ta dubi Baba, ta dubi Manaja, ta tambaye shi ina suka shiga tun wancan lokacin. Ya ce hidimomi ne suka yi yawa. Ta ci gaba da rubutu. Bayan gwaje-gwaje ta tara su ta yi bayani a taƙaice. Abin ya bazu. Da an zo lokacin da ta ce, da an kankare shi an bar masa muryarsa. Yanzu sai an cire maƙogwaron gaba ɗaya, a huda masa wuya ya riƙa numfashi ta nan. Zai rayu in Allah ya so, amma ba zai ƙara magana ba.

Manaja ya fita baranda ya fashe da kuka mai sauti, yadda duk wanda ke layin karɓar magani zai shaida. Yana kuka yana gaya wa wani mutum da bai sani ba cewa bai taɓa barin tsohon nan ya rasa zuma ba.

Da safen da za a yi aikin, likitar ta ce a bar iyali su shiga. Ta sunkuya ta ce, "Baba, in akwai abin da kake son faɗa musu da bakinka, yanzu ne."

Suka kewaye gadon. Auta na sharɓar hawaye, Maman 'yan biyu ta rufe rabin fuska da mayafi, Manaja na tsaye ta wajen kai. Baba ya kwana yana shirya maganar. Mutumin da ya yi shekaru yana zuba wa duk wanda ya zauna a kujerarsa zance, yau 'yan kalmomi kaɗan suka rage masa, ya kuma zaɓe su da kyau. Akwai ta Auta, akwai ta jikoki, akwai wadda ya tanadar wa ɗansa, kuma ba zagi ba ce. Ya haɗiye da ƙyar, ya yi gyaran murya.

Hannun Manaja ya zarce aljihu. Ba da gangan ba, sabo ne kawai. Har wayar ta fito rabi kafin ya farga ya mayar.

Baba ya gani. Ya dubi aljihun, ya dubi ɗansa, ya rufe bakinsa. Auta ta yi ta roƙo, Baba ka faɗa, muna ji. Ya girgiza kai, ya ɗaga wa ma'aikatan hannu su tura gadon.

Ya dawo gida da farin ƙyalle a wuya da wani ɗan sauti kamar na busa idan yana numfashi. 'Yan dubiya suka yi ta zuwa, kuma duk wanda ya fito sai ya yaba wa Manaja. A wannan zamanin, in ji su, samun ɗan da zai tsaya wa ubansa haka sai an tona. Manaja yakan sunkuyar da kai ya ce ai wajibi ne. Babu wanda ya tambayi abin da katifu ke yi a jikin bangon ɗakin ajiya, Baba kuwa ba shi da bakin faɗa. Irin wannan zaluncin ba ya barin tabo a inda maƙwabta ke dubawa. Ba a daki kowa ba, ba a hana kowa abinci ba, an ma durƙusa ana ba da shayi.

Da ƙafa ta ɗauke, Manaja ya zo ya zauna a bakin tabarmar, ya tambayi jiki, ya gyara wa Baba matashi. Sannan ya fito da wayar.

"Baba, ka san Allah ba ya rufe ko'ina da ko'ina. Akwai wani aiki da Mai Ladabi ta turo, na hotuna. Za ta nuna maka hoto, ka duba ko akwai mota a ciki ko babu, ka nuna da yatsa, ni in danna. Ko uffan ba sai ka ce ba. Na tambayi likita, ta ce idonka garau yake."

Ya kara masa wayar a fuska. Baba ya ƙanƙance ido, hasken ya yi masa yawa, ya kau da kai. Manaja ya lura, ya kuma ji tausayi ƙwarai, don shi mutum ne mai kula. Ya ɗaga murya ya kira matarsa.

"Maman 'yan biyu! Gobe a nemo wa Baba tabarau. Mai kyau fa, kada a duba tsada."